JIRGI MARAR MATUƘI DA WAKEN ZAMANI: INA RUWAN ƊAN KASUWA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan hatsi na Abakpa Nike, Inugu, ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen shekara)



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu limamai, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, baƙinmu da suka taso tun daga Anacha da Fatakwal, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, 'yan'uwana 'yan kasuwa da samarinmu, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Ranar da sakatare ya same ni a rumfa ya ce kwamiti ya ɗora mini yin magana a kan jiragen nan marasa matuƙi da kuma sabon ilimin sarrafa ƙwayoyin halitta, sai da na ajiye mudu na yi dariya. Na ce masa, Malam Sakatare, ni da karatuna bai wuce Islamiyya ba, sai ɗan yaƙi da jahilci da na yi da dare a nan Inugu, ina ni ina wannan? Ya ce ai Alhaji kai ka fi kowa damunmu da zancen a majalisa, gara ka zo ka juye shi gaba ɗaya mu huta. To, ga ni.

Abu biyu ne suka sa na shiga bin diddigin wannan al'amari, ina sauraron rediyo, ina sa yarana su karanta mini, ina tambayar duk ma'aikacin gona ko na asibiti da na haɗu da shi a hanya. Na farko rasuwa ce. Na biyu kuwa wata tambaya ce da aka yi mini a bakin rumfata. Zan fara da rasuwar.

RASUWAR ƘANWATA

Ni mutumin ƙasar Anchau ne, cikin Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. A daminar 1998 ina yaron shago a nan, ƙanwata da muke ciki ɗaya ta haihu a ƙauye, haihuwar fari. Yaro ya faɗo lafiya, amma jini ya ɓalle mata. Aka ɗora ta a amalanke, domin ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga. Da kyar aka kai ta ɗakin shan magani, ma'aikacin ya duba ya ce ƙarin jini take bukata, su kuma ba su ajiye jini, ba su da ma firijin da za su sa shi. Aka sake neman mota zuwa babban asibiti. Ba ta kai ba. Ni kuwa sai bayan kwana uku wani direban tirela ya kawo mini saƙo, an riga an yi sadakar uku. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku.

Kwana ya ƙare, wannan ba mu da ja. Amma sanadin dai nisa ne. Jinin da zai yi mata amfani yana nan a birni cikin firiji, ita kuma tana ƙauye, tsakaninsu laka. Kada kuma ku ɗauka tsohon labari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, zubar jini kuwa na daga cikin manyan sanadai.

ABIN DA NA GANI A PAMBEGUWA

A 2023 na je gida sayen kaya, na biya ta wajen Pambeguwa, wadda ƙaramar hukumarmu ɗaya. Ina tsaye kusa da wani ƙaramin asibiti sai na ga yara suna nuna sama. Wani abu ne fari mai fiffike, kamar babban shamuwa, ya zo ya yi shawagi, ya saki wani ɗan jan akwati mai 'yar laima ta takarda, akwatin ya sauko a hankali cikin fili, shi kuma ya juya ya koma inda ya fito. Ma'aikaciya ta fito ta ɗauka kamar wadda aka aiko wa goro. Na matsa na tambaye ta. Ta ce alluran rigakafi ne da magani, ɗazu ta aika saƙo ta waya. Jama'a, wallahi sai da na koma gefe na share ƙwalla, don ƙanwata ce ta faɗo mini a rai.

Jirgin na wani kamfanin Amurka ne mai suna Zipline. A Ruwanda ya fara aiki, a watan Oktoba na 2016, yana kai jini asibitocin da ke cikin duwatsu. A 2019 ya shiga Gana. Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa hannu da shi a 2021, aka fara jigila daga tashar Pambeguwa a 2022, daga baya aka buɗe tashoshi a Kuros Riba da Bayelsa, wato nan maƙwabtanmu.

Yadda yake aiki ba wani tsafi ba ne. Batir ke jan sa, ba fetur ba. Ana ɗora shi a kan wani dogon ƙarfe a harba shi kamar yadda yaro ke harba dutse da danƙo. Hanyarsa an riga an rubuta masa a kwamfuta, tauraron ɗan Adam ke nuna masa inda yake. Yana gudun kusan kilomita 100 a awa, yana iya kai saƙo nisan kilomita 80 ya dawo, kayan da yake ɗauka kuma bai kai kilo biyu ba, kamar leda uku ta jini. In ya dawo, wata igiya ce ke cafke ƙugiyar da ke wutsiyarsa. Ku yi lissafi da kanku irin na kasuwa: ƙauyen da ke nisan kilomita 50, rabin awa ke nan, ko da damina ko da rani. Malaman wata jami'a a Pensilbaniya ta Amurka sun bi asibitocin Ruwanda, suka ga mace-macen mata ta hanyar zubar jini bayan haihuwa sun ragu da kusan rabi a inda jirgin ke kai jini.

Kuma ba kai magani kaɗai waɗannan jirage ke yi ba, ba kuma Turawa kaɗai ke ƙera su ba. A 2016, lokacin da rikicin Boko Haram ya tara dubban mutane a jihar Diffa ta Nijar, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da jirgin da wani ɗan Nijar, Abdul'aziz Kunce, ya haɗa, aka ɗauki hoton sansanin Sayam Forage daga sama, domin a san yawan bukkoki da inda ya kamata a sa ruwa da makewayi. Ku tuna kuma da ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya rufe hanya a Lokoja motocinmu suka yi kwana da kwanaki a layi, albasa da tumatir suka ruɓe, Bayelsa kuma ta yanke daga sauran ƙasa. A irin wannan rana, abin da ba ya bukatar gada ba ƙaramin abu ba ne.

TUDUN BIRI

To amma in na tsaya nan na ci amanarku. A daren Lahadi, 3 ga Disamba 2023, a cikin wannan Jihar Kaduna ɗin dai, a ƙauyen Tudun Biri na Ƙaramar Hukumar Igabi, mutane sun taru suna Mauludi, wani jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya sako musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Soja suka amsa cewa kuskure ne, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri. A shekara guda, a jiha guda, wani jirgi ya sauke magani, wani ya sauke wuta.

Mutane kan ce ai kamar wuƙa ce, mahauci ya yi fiɗa da ita, ɗan daba ya yi ɓarna da ita. Gaskiya ne, amma misalin bai cika ba. Mai wuƙa kana ganin fuskarsa, ka san gidansu, ka san ubansa. Mai wannan jirgi yana can zaune a ɗaki, nisan da ba ka sani ba, yana kallon gilashi, kai kuma a gilashin nan ɗigo ne kawai. Saboda haka tambayar da ta kamata mu riƙa yi ita ce: wa ke riƙe da shi, wa ya ba shi izini, in ya yi kuskure kuma wa zai tsaya gaban jama'a ya amsa?

Nan zan ja kunnen samarinmu masu ɗaukar hoton biki. Na ga an fara sayo ƙananan jiragen nan masu kyamara ana tashinsu a wajen ɗaurin aure. Ku sani a ƙasar nan tashin su na bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mu kuma nan Abakpa ga barikin soja a gefenmu, ga filin jirgin sama na Emene ba nisa. Ɗan Hausa ya tashi abu mai kyamara a saman bariki, kun san fassarar da za a yi masa, kun kuma san ba shi kaɗai abin zai shafa ba.

TAMBAYAR MADAM

Yanzu sai abu na biyu. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai suyar ƙosai da alale, ta fi shekara goma sha biyar tana sayen wake a wurina, har bashi nake ba ta ba tare da rubutu ba. Wata safiya ta zo ta tsaya ba ta ko taɓa buhu ba. Ta ce, Alhaji, ka gaya mini gaskiya, an ce ku Hausawa kun fara kawo mana waken GMO, wai yana hana haihuwa. Na ce, Madam, wa ya gaya miki? Ta nuna mini wayarta.

Jama'a, jikina ya yi sanyi, saboda dalili biyu. Na ɗaya, ban san amsar ba. Shekarata talatin ina auna wake, in na damƙa na san na Dawanau, na san na Potiskum, na san sabo na san tsoho. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Sai dai wannan karon ido bai san komai ba. Na biyu, wannan kalma ta hana haihuwa na san ta. Mu muka yi ta faɗar ta a kan allurar shan-inna shekarun baya. Yau ga ta ta zagayo, ana faɗar ta a kan kayanmu. Duk wanda ya daɗe a kurmi kuwa ya san abin da jita-jita ke iya yi wa baƙo a cikin kasuwa kafin azahar.

Sai na shiga tambaya. Ga abin da na fahimta, a bakinmu na almajirai. Kowane abu mai rai, mutum ko wake ko sauro, a cikin ƙwayoyin jikinsa akwai wani rubutu da ya gada, Turawa na ce masa DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, amma jerinsu ne ke sa wannan wake fari, wancan ja. Masana sun fara da koyon karanta rubutun, sannan suka iya kwafo layi ɗaya daga wannan allo su sa a wancan, yanzu har sun kai ga tsara sabon layi da kansu. Ba rai suke halittawa ba, wannan ya fi ƙarfinsu. Allon da suka tarar ne suke yi wa gyara. Wasu kan kwatanta shi da auren mangwaro, ko haɗa jaki da goɗiya a sami alfadari. Akwai kama, amma wannan ya fi zurfi, domin ana iya ɗauko layi daga halittar da ko kusa ba dangi ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne mun daɗe muna amfani da shi ba mu sani ba. Masu ciwon suga da ke cikinmu, allurar insulin da kuke yi, a da daga kayan cikin shanu da na alade ake tatso ta. Daga 1982 aka fara sayar da wadda ƙwayoyin bakteriya ke yi, bayan an sa musu layin rubutun ɗan Adam. Ku duba, ashe wannan ilimin ne ya raba mu da ta alade. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yanzu, asalinsa wani ganye ne dangin tazargade, wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ta gano sinadarinsa, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Da farashin ganyen ya riƙa hawa da sauka, sai masana a Kalifoniya suka gyara yis, irin wanda ake kwaɓa burodi, ya riƙa yin tushen sinadarin a cikin tanki, kamfanin Sanofi ya fara sarrafa shi a Italiya a 2013. Kun san abin da ya faru? Manoman ganyen suka noma da yawa, farashi ya faɗi, na tanki ya rasa riba, kamfanin ya sayar da masana'antar. Ashe kimiyya ma sai ta bi ta kasuwa. Haka nan rigakafin zazzaɓin sauro na yara mai suna R21, wanda aka fara yi a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, da yis ake haɗa shi.

WAKEN SAMARU

To waken da Madam ke tambaya fa? Akwai shi, kuma ba daga jirgin ruwa aka sauke shi ba. Sunansa SAMPEA 20-T. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta fitar da shi, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ishiyaku, tare da abokan aiki daga waje. Hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan abubuwa, NBMA, wadda aka kafa a 2015, ta amince da shi a farkon 2019, aka yi masa rajista a ƙarshen shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da irin wannan wake.

Abin da aka sa masa layi ɗaya ne daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wanda ke kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake, maruka. Duk wanda ya yi noma a cikinmu ya san ta, in ta sami gona tana iya cinye kashi 80 cikin ɗari. Manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina saboda ita da 'yan'uwanta. Da wannan iri, masu binciken sun ce sau biyu ya isa. Hukumomin da suka gwada shi sun ce ba su ga illa ga mai ci ba, zancen hana haihuwa kuwa babu wani gwaji da ya nuna shi.

Akwai masu adawa, kuma ba jahilai ba ne. Ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey da ke Binin ta daɗe tana cewa a yi hattara, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a bincika a watan Mayu na 2024. Daga cikin maganganunsu akwai waɗanda ni ɗan kasuwa na ga suna da nauyi. Wa zai mallaki iri nan gaba, manomi ko kamfani? Tsoffin irinmu na gado, wa zai adana su? Sannan mai saye yana da haƙƙin ya san abin da yake saye, mu kuwa wakenmu a buɗe yake, mudu ba ya ɗauke da takarda.

Amma akwai inda za mu dubi kanmu. Wannan sabon iri maganin tsutsar gona ne, ba ya hana ƙwaron sito. Ƙwaron sito kuwa kun san abin da wasu ke yi masa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. A 2018 ƙasar nan ta ɗauka da maganar masu yayyafa Sniper a buhun wake. Wannan ba malamin jami'a ya yi ba, ba Bature ya yi ba, a hannun 'yan kasuwa aka gani. Madam tana tsoron abin da ba a nuna illarsa ba, alhali gubar da kowa ya san tana kisa tana iya kasancewa a siton wanda ke rantse mata. Ga kuwa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda in ka ɗaure shi da kyau ƙwaro ke mutuwa don rashin iska, ba ko ɗigon magani.

MAGANAR AMANA CE

Kada wani ya ce mutanenmu tsoron banza suke yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Shari'a ta yi ta ja har 2009 kafin a sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka zo da jita-jitar allurar shan-inna a 2003 ta sami gindin zama, aka dakatar da rigakafin a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Wa ya biya? 'Ya'yanmu da ke jan gindi a bakin titi. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka bi gida-gida ana bayani, kafin a kai ga 2020 da aka tabbatar an rabu da asalin cutar a Afirka.

Ko a maƙwabta haka ne. A Burkina Faso an saki sauron da aka gyara wa halitta a ƙauyen Bana a 2019, da nufin a kai ga rage sauron zazzaɓi, amma a watan Agusta na 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da aikin gaba ɗaya. Duk ƙwarewar masani, in jama'a ba su yarda ba, aiki ya tsaya. In kuma jama'a suka ƙi abu a kan ƙarya, su ke kwana a ciki. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin wannan. Tirela guda ta kaya ake turo mana daga Dawanau a kan magana ta waya, ba takarda ba shaida. Ranar da aka kama ka da algus sau ɗaya, shi ke nan.

SHAWARWARINA GA ƘUNGIYA

Na farko, jini. Jirgi yana kai jini ne, ba ya ƙera shi. Sai wani ya miƙa hannu an ɗiba. Sau nawa aka kwantar da ɗan'uwanmu a Parklane ko Ituku-Ozalla aka ce a kawo masu ba da jini, muka shiga kame-kame da tsakar dare? Ina roƙon a buɗe littafi, duk mai lafiya ya je a gwada rukunin jininsa a rubuta, da lambar wayarsa, a ajiye wurin sakatare. Ni zan fara sa sunana yau.

Na biyu, 'yan hatsi mu yi wa kanmu doka. Duk wanda aka kama yana zuba guba a wake ko gurjiyar da masu okpa ke saye, ƙungiya ta hukunta shi tun kafin hukuma ta zo. A haɗa kuɗi a sayo buhun PICS a sari a raba.

Na uku, mu riƙa tambayar dillalanmu irin da aka shuka da inda aka noma. In mai saye ya tambaya, abin da ka sani ka faɗa, kada ka rantse a kan abin da ba ka gani ba don kawai kada ciniki ya wuce.

Na huɗu, a gayyato mana masanin gona daga Samaru ko Nsukka, da likita, su zauna da malamanmu. Malam ba zai yi fatawa a kan abin da ba a warware masa ba. A kira shugabannin kasuwa na masu masaukinmu su ma su ji da kunnensu, don tare muke ci daga buhu ɗaya.

Na biyar, iyaye, yaron da Allah ya ba kan karatu kada a cire shi a aji uku don ya tsare rumfa. Wanda ya jagoranci aikin waken nan ɗan Arewa ne kamar 'ya'yanmu. In babu namu a ɗakin da ake gyara iri, ko a tashar da ake tashin jirgi, kullum sai dai a yanke mana a miƙo.

Madam kuwa, ranar nan na ce mata ta ba ni mako biyu. Da ta dawo na zaunar da ita a benci na faɗa mata duk abin da kuka ji. Na ce wannan buhun na tambayi wanda ya auno shi, tsohon iri ne, wancan kuwa a kasuwa aka tattaro shi, ba zan rantse miki a kansa ba, amma duka biyun babu wanda aka zuba wa magani a sitona. Ta yi shiru, sannan ta ce in auna mata daga na farkon. Har gobe tana zuwa, kuma takan tambaya, ni ma nakan faɗa.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sauki matanmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da baƙinmu gida lafiya.